Yadda ake zaɓen irin masara mai zaƙi da zai iya da ciyawa, da yadda ake taimaka masa

Masara mai zaƙi, wato wadda ake karya tana ɗanya ƙwayarta cike da madara, ba ta kai masarar hatsi ƙarfi ba idan aka zo batun kokawa da ciyawa. Karanta ya fi gajarta, ganyenta bai kai na waccan yawa ba, kuma galibi ana ba ta tazara mai ɗan faɗi domin zangarniya ta yi girma. Sannan abin da ake nema a wurinta ya bambanta. Idan ciyawa ta rage wa masarar hatsi amfani, manomi zai tattara abin da ya samu ya auna, ƙanana da manya duk su shiga buhu. Amma idan ta taɓa mai zaƙi har zangarniyar ta fito siririya, ko kanta ya fito babu ƙwaya, to wannan zangarniya ta fita daga lissafi ke nan, ko da sauran jikinta lafiya lau yake.

Yawancinmu idan aka ambaci ciyawa, fartanya da maganin feshi ne suke faɗo mana a rai, mu manta cewa tun ranar da aka sayi iri aka yanke wani ɓangare na yawan wahalar da za a sha. Iri biyu za a shuka a gona ɗaya, rana ɗaya, a ba su taki ɗaya, ciyawa ta ci ƙarfin ɗaya, ɗayan kuwa ya haye kanta ya rufe ta. Ni a ganina iri ma kayan noma ne kamar fartanya, kuma ya kamata manomi ya san wanda yake hannunsa kafin ya tsara sau nawa zai shiga gona.

Abu biyu ne ake nufi da ƙarfin iri

Na farko shi ne juriya, wato iri ya ba da amfani kusan yadda ya saba duk da cewa akwai ciyawa a gindinsa. Na biyu shi ne danne ciyawar kanta, ya hana ta haske har ta tsumbure, ta kasa yin 'ya'ya masu yawa. Juriya tana ceton amfanin bana, dannewa kuwa tana rage ƙwayar ciyawar da za ta zuba a ƙasa ta jira baɗi. Sau da yawa halayen biyu suna tafiya tare, amma ba dole ba ne, domin akwai irin da zai cika zangarniyarsa alhali ciyawar da ke ƙarƙashinsa ita ma ta nuna ta zubar da 'ya'yanta. Wanda yake noma gona ɗaya shekara da shekaru bai kamata ya raina na biyun ba, musamman idan ya tuna cewa gindi ɗaya na dangin zaki-banza, idan ya samu fili, yana iya zubar da ƙwaya fiye da 100,000.

Wannan ba zato ba ne. Martin Williams, masanin ciyawa na ma'aikatar aikin gona ta Amurka da ke aiki a Urbana ta jihar Ilinoyi, ya shafe shekaru shi da abokan aikinsa suna gwada ire-iren masara mai zaƙi tare da wata ciyawa mai kama da gero da ke addabar masu noman masarar gwangwani a ƙasar. Abin da suka gani shi ne, ire-iren da suke da tsayi da ganye mai yawa, waɗanda kuma suke ɗaukar kwanaki kafin su nuna, sun fi danne ciyawar, kuma asararsu ta fi ƙanƙanta, gajeru masu saurin nuna kuwa su ne suka fi shan wuya. Dalilin a fili yake: faɗan masara da ciyawa, idan akwai ruwa da taki daidai gwargwado, faɗa ne a kan hasken rana, kuma wanda ya riga ya shimfiɗa ganyensa a sama shi ne yake yanke wa na ƙasa abinci.

A fara da duba ƙwayar a tafin hannu

A jikin fakitin iri, ko a takardar bayanin kamfani, akan ga ɗaya daga cikin alamomi uku: su, ko se, ko sh2. Waɗannan suna nuna ƙwayar halittar da ta sa masarar zaƙi, kuma suna da alaƙa da batun ciyawa fiye da yadda ake tsammani.

Nau'in su shi ne na asali, irin su Golden Bantam da aka fara sayarwa a Amurka a 1902. Zaƙinsa matsakaici ne kuma yana gushewa da sauri bayan an karya, amma ƙwayarsa tana da sitaci mai ɗan yawa, don haka tana tsira da ƙarfi. Nau'in se ya fi shi zaƙi da taushi, ƙarfin tsirarsa kuma yana kusa da nasa. Nau'in sh2 kuwa shi ne mafi zaƙi, wanda yake riƙe zaƙinsa kwanaki bayan girbi. John Laughnan na Jami'ar Ilinoyi ne ya gano amfaninsa a farkon shekarun 1950, kuma yau shi ne yake kan gaba a wurin masu kai masara nesa.

A ɗebi ƙwayar sh2 busasshiya a zuba a tafin hannu, a ɗebi ta su a ɗaya hannun. Ta su za a ji ta da nauyi, ta ɗan yamutse amma tana da jiki. Ta sh2 kuwa shafal take, ta motse ta lotsa kamar an tsotse cikinta, ɓawonta siriri mai saurin tsagewa. Wannan motsewar ita ce alamar ƙarancin sitaci, sitacin kuwa shi ne guzurin da ɗan tsiro yake ci kafin ya fito ya buɗe ganye ya fara ciyar da kansa. Ƙwaya mai ƙaramin guzuri tana jinkirin fitowa, ba ta iya huda ƙasar da ta daskare a sama, kuma idan ƙasa ta yi sanyi da danshi takan ruɓe kafin ta tsira. Kowace rana da ta ƙara a ƙarƙashin ƙasa, ciyawa tana amfani da ita.

Ba ina cewa a guji sh2 ba ne. Masu haɗa iri sun inganta ƙarfin tsirarsa sosai, kuma a cikin nau'in kansa akwai masu kuzari akwai masu rauni. Abin nufi shi ne wanda ya zaɓe shi ya san cewa makonni ukun farko suna wuyansa, ba zai sakar wa irin aikin shi kaɗai ba.

Abin da za a nema a bayanin iri

Bayan alamar zaƙi, sai a duba kwanakin nuna da tsayin kara. Ire-iren masara mai zaƙi suna kamawa daga kimanin kwana 60 zuwa kusan 100. Masu saurin nuna galibi gajeru ne, wasu da kyar suke kai mita ɗaya da rabi, ganyensu kaɗan ne saboda sun yi saurin fitar da fure, kuma masara da zarar furen kanta ya fito ta gama yin sabon ganye. Masu jinkiri, irin su Silver Queen da ke ɗaukar kimanin kwana 90, sukan wuce mita biyu, ganyensu ya fi yawa ya fi faɗi. Idan gonar da za a shuka sananniya ce da ciyawa, ko kuma hannun da zai yi noma kaɗan ne, dogon iri mai jinkiri shi ne ya fi dacewa da ita. Gajere mai sauri a kai shi gonar da ta fi tsabta, inda ake da tabbacin za a shiga a kan kari.

Akwai kuma yanayin tsayuwar ganye, wanda ba kasafai ake rubuta shi ba, sai an gani da ido. Wani irin ganyensa a miƙe yake sama, haske yana zurarewa ta tsakaninsa ya kai ƙasa, wani kuwa ganyensa yana baje ya rusuna ya haɗu da na layin da ke kusa. Na biyun ya fi saurin rufe tsakanin layi. Haka nan 'ya'yan da ke tohowa daga gindin kara, waɗanda masara mai zaƙi ta fi ta hatsi yawan fitarwa, suna ƙara inuwa a daidai inda ake bukatarta. Mutane da yawa suna ɓata lokaci suna cire su da zaton suna shanye abincin uwar, alhali cirewar ba ta ƙara amfani, sai dai ta buɗe wa ciyawa taga ta kuma ji wa karan rauni. A bar su.

Dogon iri yana da nasa nauyin, kuma gaskiya ce a faɗe shi. Yana bukatar ruwa na tsawon lokaci, iska mai ƙarfi tana iya kwantar da shi, kuma daɗewarsa a gona tana ba tsutsa damar samunsa. Wanda daminarsa gajeriya ce, ko wanda yake son ya riga kowa fitar da masara, ba zai bar gajeren iri saboda ciyawa kaɗai ba. Sai dai ya shiga da saninsa, ya ƙara yawan noma a lissafinsa.

Shuka

Duk ƙarfin iri, idan tsirarsa ta zo da giɓi, ƙarfin ya tashi a banza. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma duk ramin da bai tsira ba fili ne da rana za ta riƙa dukansa har girbi, a nan ne ake samun ciyawar da ta fi kowace girma a gonar. Don haka kafin shuka a gwada irin: a ƙirga ƙwaya 50, a jera su a jiƙaƙƙen ƙyalle, a naɗe a ajiye a wuri mai ɗumi, bayan mako guda a ƙirga waɗanda suka tsira. Idan waɗanda suka fito ba su kai 40 ba, a nemi sabon iri ko a ƙara yawan abin da ake zubawa. Irin sh2 ba ya jure ajiya, saboda haka wanda ya kwana shekara bai kamata a yarda da shi ba sai an gwada.

Ɗumin ƙasa yana da muhimmanci a inda ake sanyi. Nau'in su yana iya tsira idan ƙasa ta kai digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, sh2 kuwa ya fi son ta kai 15 ko fiye. Zurfin rami ma ya bambanta: su da se za su iya fitowa daga santimita 4 zuwa 5, amma sh2 a tsaya a santimita 2 zuwa 3 a ƙasa mai danshi, domin guzurinsa ba zai kai shi nesa ba.

Tazarar da aka fi amfani da ita ita ce santimita 75 tsakanin layi da layi, da santimita 25 tsakanin gindi da gindi, wanda yake ba da gindi kimanin 53,000 a hekta. Ga gajeren iri ana iya matso da layukan zuwa santimita 60 domin ganye ya haɗu da wuri. Amma kada a ɗauka cewa cunkoso shi ne maganin ciyawa, domin masara mai zaƙi idan ta matsu da yawa sai ta koma kokawa da 'yar'uwarta, zangarniya ta ƙanƙance, wasu karan ma su tsaya babu goyo. Ire-ire sun bambanta a jure cunkoso kamar yadda suka bambanta a jure ciyawa, saboda haka a bi abin da mai irin ya rubuta, idan za a ƙara a ƙara kaɗan-kaɗan ana dubawa.

Dabara ɗaya da nake ganin ta fi kowace amfani ga iri mai rauni ita ce a yaudari ciyawa kafin shuka. A gyara gona tsaf kamar za a shuka, sai a bar ta kwana 10 zuwa 14 da danshi har ciyawar da ke saman ƙasa ta tsira, sannan a kashe ta da kankara ta sama-sama wadda ba ta wuce santimita 2 ko 3 ba, a shuka nan take. Sirrin yana cikin rashin zurfafawa, domin idan aka juya ƙasa da zurfi an ɗago wata sabuwar ƙwayar ciyawa daga ƙasa an kawo ta inda za ta tsira, aikin ya koma baya. Wannan dabara tana aiki a kan ciyawar da ke fitowa daga ƙwaya, irin su harkiya da zaki-banza. Ba ta isa ga kiri-kiri da aya-aya ba, waɗanda suke tohowa daga saiwa da ƙullutun da ke cikin ƙasa. Su aya-aya ba sa son inuwa ko kaɗan, don haka a gonar da suka yi yawa ne dogon iri mai ganye yake nuna amfaninsa ƙarara.

Taki kuma a sa shi kusa da layin masara, kimanin santimita 5 daga gefen ƙwayar kuma a rufe shi, maimakon a watsa shi ko'ina. Takin da aka watsa a tsakanin layi ciyawa ce take fara cin sa, saboda saiwar masara ba ta kai can ba tukuna.

Lokacin da noma ya zama dole

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya sosai, domin a nan ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Masara tana tsara girman zangarniyarta tun tana ƙarama. A lokacin da take da ganye shida zuwa bakwai, alhali ba ta wuce gwiwa ba, 'yar zangarniyar ta riga ta fara samuwa a cikin kara, kuma a wannan tsakanin ne ake yanke yawan layukan ƙwayar da za ta yi. Tsawon kowane layi kuma yana ƙayyaduwa a makonnin da suka biyo baya, kafin gemu ya fito. Masarar da ta sha matsi a wannan lokaci ba za ta dawo da abin da ta rasa ba, ko da daga baya an share gonar tas an zuba mata taki.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne cutarwar tana farawa tun kafin ciyawa ta yi girman da za ta ƙwace ruwa ko taki. Ganyen ciyawa yana shanye jan haske ya mayar da wani nau'in haske da idonmu ba ya gani, kuma ɗan tsiron masara yana jin wannan canji ya fahimci cewa yana da maƙwabta. Clarence Swanton da abokan aikinsa a Jami'ar Guelph ta Kanada sun nuna cewa masarar da ta ji haka takan karkata ƙarfinta ga miƙewa sama ta rage na saiwa, sannan gindi da gindi su bambanta a girma. Ga masara mai zaƙi wannan bambancin babbar asara ce, domin ana son zangarniyoyi su nuna tare a karya su a lokaci ɗaya.

Saboda haka ƙa'idar aiki ita ce gona ta kasance da tsabta daga lokacin da masara take da ganye uku, wato kamar makonni biyu bayan tsira, har ganyen layi ya haɗu da na layi. Idan ana ƙirga ganye, a ƙirga wanda wuyansa ya bayyana a jikin kara, ban da wanda yake naɗe a tsakiya. Ga dogon iri mai kuzari a ƙasa mai ɗumi, noma biyu sukan isa, ɗaya a ganye uku, ɗaya kafin ta kai gwiwa. Ga gajeren iri, ko sh2 da ya fito a hankali, a shirya wa na uku, domin inuwarsa ba ta taɓa yin kaurin da za a sakar mata aikin ba, wani lokaci sai an bi ta har fitowar fure. Lokacin shuka ma yana canza lissafin. Binciken da Williams ya wallafa a 2006 ya nuna cewa a Ilinoyi masarar da aka shuka a farkon watan Mayu ta bukaci a tsare ta daga ciyawa na tsawon lokaci fiye da wadda aka shuka a ƙarshen Yuni, lokacin da ƙasa ta yi ɗumi masara take tashi da sauri. Darasin da ke ciki ya shafi kowa: duk abin da ya rage wa masara saurin tashi, sanyi ne ko ƙarancin ruwa ko raunin iri, ya tsawaita lokacin da dole a tsare ta.

Noman farko a yi shi tun ciyawa tana kamar zare, fara-fara a ƙarƙashin ƙasa ko da ganye biyu a sama. A wannan girman ko yatsa aka ja a ƙasa sai ta tuge, rana ɗaya ta busar da ita. Idan aka jira ta yi kore shar, aikin ya ninka kuma masarar ta riga ta ji ta. Noma na biyu ya zama na sama-sama, domin kafin masara ta kai gwiwa saiwarta ta bazu zuwa tsakiyar layi a kusa da saman ƙasa, fartanya mai zurfi kuwa tana yanke ta. A wannan zagayen ne ake tura ƙasa gindin kara, abin da yake binne ƙananan ciyayin da ke cikin layi inda fartanya ba ta shiga, ya kuma ba saiwar da ke fitowa daga gaɓar ƙasa wurin kamawa. Ciyawa mai nannaɗo irin yaryaɗi a cire ta da hannu tun ba ta kama kara ba, domin ita tsayin iri ba ya hana ta, hawa take yi.

Gargaɗi game da maganin feshi

Ire-iren masara mai zaƙi ba su bambanta a jure ciyawa kaɗai ba, sun bambanta a jure maganin kashe ta. Akwai magungunan da ake fesawa bayan tsira, irin su nikosalfuron da mesotiriyon da tembotiriyon, waɗanda masara take tsira daga gare su saboda jikinta yana narkar da su da sauri. Wasu ire-iren masara mai zaƙi sun gaji rauni a ƙwayar halittar da ke yin wannan aiki, don haka maganin da bai taɓa masarar hatsi ba yana iya mayar da ganyensu fari, ya tsumbure su, ko ya kashe su. Kada a fesa irin waɗannan sai an tabbatar daga takardar maganin da bayanin mai iri cewa wannan irin yana jure shi, kuma idan babu tabbaci a gwada a 'yan gindi kaɗan a jira mako guda. Atirazin, wanda aka daɗe ana dogara da shi a gonar masara, ciyayi da yawa sun daina jin sa, kuma Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da shi a 2004 saboda shigarsa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ko inda aka yarda da shi, magani ya fi aiki a ƙarƙashin iri mai inuwa, domin ciyawar da ta sha magani ba ta mutu ba, idan ta rasa haske ba ta farfaɗowa.

Bayan an karya masara, wato kimanin kwana 20 bayan fitowar gemu, kada a bar gonar haka. Masara mai zaƙi tana barin gona da wuri, kuma ciyawar da ta danne takan miƙe ta yi 'ya'ya cikin 'yan makonni da zarar haske ya same ta. A sare kara da ciyawar tare ba da jinkiri ba.

Yadda manomi zai gwada da kansa

Bayanin kamfani ba ya faɗin yadda iri zai yi da ciyawar gonar wani, saboda haka gwaji a gida shi ne zai raba gardama, kuma ba ya cin fili mai yawa. A zaɓi iri biyu ko uku masu bambancin tsayi. Wajibi ne su kasance 'yan gida ɗaya ta fuskar zaƙi, wato ko dukansu sh2, ko kuma nau'in su da se, domin idan garin furen nau'in su ko na masarar hatsi ya faɗa kan gemun sh2, ƙwayar takan fito da sitaci da tauri, gwajin ya lalace. Idan dole sai an haɗa, a raba su da nisa mai yawa, ko a bambanta lokacin shuka yadda furensu zai saɓa da kimanin makonni biyu.

Kowane iri a ba shi layi huɗu masu tsawon mita 10. Rabin farko a tsare shi da tsabta har girbi, rabi na biyu a yi masa noma ɗaya a ganye uku sannan a ƙyale shi. Idan da hali a maimaita wannan tsari a wuri biyu ko uku a gonar, domin kada albarkar wani lungu ta zama kamar ƙarfin iri ce. Bayan kwana 10 da shuka a ƙirga waɗanda suka tsira, bayan makonni huɗu a auna tsayi.

Idan masarar ta kusa fure, a shiga da tsakar rana a durƙusa a tsakanin layi, a shimfiɗa farar takarda a ƙasa. A ƙarƙashin iri mai ƙarfi takardar za ta kasance cikin inuwa, sai ɗigo-ɗigon haske da ke motsi idan iska ta kaɗa, ƙasar da sanyi a hannu, ciyawar da ke wurin siririya ce ɗorawa-ɗorawa ta miƙe tana neman sama babu ƙarfi. A ƙarƙashin mai rauni kuwa rana za ta kwanta a kan takardar a fili, ciyawar kore shar, wata ma ta fara fitar da kai. Wannan kallo na minti biyar yana koyar da abin da dogon bayani ba zai koyar ba.

Ranar girbi a ƙirga zangarniyoyin da suka cika daga layi biyu na tsakiya kawai, domin na gefe suna samun haske fiye da kima. A ce iri na farko ya ba da 36 a ɓangare mai tsabta da 31 a mai ciyawa, na biyu kuwa ya ba da 39 da 22. Na biyun ya fi amfani idan an kula da shi, amma ciyawa ta ƙwace masa 17, alhali na farkon 5 kawai ya rasa. Wanda yake da hannu da lokaci zai iya ɗaukar na biyu, wanda ya san noma zai kuɓuce masa a wasu makonni ya ɗauki na farko. Don a san dannewa kuma, a yanke duk ciyawar da ke cikin murabba'in mita ɗaya a ƙarƙashin kowane iri, a shanya ta bushe a auna, a kuma duba wadda ta riga ta yi 'ya'ya. A rubuta komai tare da ranar shuka da yanayin ruwa, sannan a sake gwajin a shuka ta gaba a wani lokaci daban, domin irin da ya yi fice a ƙasa mai ɗumi da wadataccen ruwa yana iya komawa baya idan ya tsira cikin sanyi ko fari.